Me ya sa tubali 5040, ba 5000 ba?

Ka tambaye ni, "maigida don me ka ce ma masu bugun tubali su kawo 5040, ba 5000 cif ba, ai arba'in ɗin nan ƙarin kuɗi ne kawai?" To ɗana saurara, tambayar nan ta yi mini daɗi wallahi, magini in baya riƙe lissafi kullum cikin rigima yake da leburori.

5000 a ido kawai take da kyau. Raba ta uku ka gani, biyu zasu rage, raba ta bakwai nan ma biyu, tara kuwa biyar ne zasu yi saura, saboda in ka warware ta 2×2×2×5×5×5×5 ce, ba 3 ba 7 a cikinta ko kaɗan. Mu kuma a aikin nan na Garin Malam mu bakwai ne, masu amalanke tara, kuma kowa a kan yawan tubalin da ya ɗauka ake biyanshi, kaga ke nan ragowar nan ita ke kawo ka-ce-na-ce da yamma.

Ita 5040 fa daban take. Ninka 1×2×3×4×5×6×7, ita zata fito maka. Tana rabuwa da kowace lamba daga 1 har 10, ga 12 ga 14 ga 15 ga 16, mu bakwai kowa 720, masu amalanke tara kowa 560, ko guda baya saura. Gaba ɗaya lambobi 60 ne ke raba ta, 5000 kuwa 20 kacal, kuma duk lambobin da ke ƙasa da ita babu wadda ta kai 60 ɗin nan, shi yasa masana lissafi suka sa ta cikin sahun lambobi masu yawan rabuwa. Tun zamanin da, Aflatun, masanin falsafa na ƙasar Girka, ita ya zaɓa ta zama adadin gidajen birnin da ya tsara a rubuce, don rabo ya zo da sauƙi. 11 ce dai ta gagare ta, biyu ke ragewa. In kana sauri haɗa 5+0+4+0, ya ba ka 9, to ka san 3 da 9 zasu raba ta ba sai ka ɗauko waya ba.

Abin da ya fi burge ni makwabtanta. Guda ya fashe ta koma 5039, wannan mara ce kuma ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta, duk yadda ka jera layuka daidai sai wani ya yi saura. Ƙara guda kuma ta zama 5041, wato 71×71, tsawo da faɗi ɗaya.

Gobe in Allah ya kai mu da an sauke, ka jera su layi 72, kowane layi 70, ba sai ka ƙirga ɗaya-ɗaya ba. In layin ƙarshe bai cika ba kira ni kafin a biya su.