Amsa kan idon Baba da ya ɗauke gani farat ɗaya

'Yar'uwa, kin ce shekaranjiya Baba yana zaune rabin ganin idonsa na dama ya ɗauke, ba zafi ba ja, kuka sayo masa maganin ɗigawa a kemis. Don Allah ku kai shi asibiti yau ɗin nan, kada ku jira Litinin.

Ni ma ta same ni ina da shekara 56. Bayan Asuba ina karatu, sai layukan saman shafi suka ɓace, kamar an sauke labule zuwa rabin taga. Na ɗauka gajiya ce, na wanke fuska, na yi kwana biyu ina jiran ya washe. Da na je, likitan ido ya ɗiga mini maganin buɗe ƙwayar ido, ya haska ciki, ya nuna mini hoton: wani ɗan ɗigo ruwan ɗorawa ya maƙale daidai inda jijiyar jini ta rabu biyu, gabansa kuma tantanin bayan idon ya yi fari. Ɓarɓashin kitse ne ya ɓalle daga jijiyar wuyana ya je ya toshe wurin. Reshen ƙasa ne ya toshe, shi ya sa sama na daina gani, domin a juye ido yake ɗaukar hoto. Tantanin nan kuwa ba ya jure rashin jini, cikin awanni kaɗan yake lalacewa.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne da likita ya ce idon ba shi ne babbar damuwarsa ba. Hanyar da ɓarɓashin ya biyo ita ce ke kai jini ƙwaƙwalwa, kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya fi yawa a kwanakin farko. Ranar aka yi mini hoton jijiyoyin wuya da gwajin zuciya, aka auna suga da kitsen jini. Ashe hawan jini na daɗe ina yawo da shi ban sani ba.

Ba na cewa lallai ciwonmu ɗaya da Baba, sai an duba cikin idon za a sani. Amma ku faɗa wa likita idan yana fama da ciwon kai a gefen goshi ko muƙamuƙinsa na ciwo in yana tauna, wannan kumburin jijiya ne da kan iya kama ɗaya idon.

Har yau inuwar tana nan a saman idona, amma alhamdulillahi ina karatuna. Ku tafi da duk magungunan da yake sha. Allah ya ba Baba lafiya.