Sankarar yauƙi ta afendis: tiyatar farko ce take da muhimmanci

'Yar'uwa, kin ce an gano mahaifiyarki tana da pseudomyxoma peritonei, wato sankarar da ke farowa daga afendis (ɗan reshen da ke jikin babban hanji) ta cika ciki da wani yauƙi mai kauri, kina tambaya ko a bari a buɗe a kwashe kawai. Allah ya ba Mama lafiya. Kada a yi gaggawar buɗewa a inda ba su saba aikin ba.

Kwashe yauƙin yana sa ciki ya sace na ɗan lokaci, amma ya bar tushen cutar, kuma kowace buɗewa tana barin tabo da mannewar hanji inda ƙwayoyin sankarar ke maƙalewa. Tiyata ta biyu ta fi ta farko wuya sosai.

Abin da ke tsawaita rai shi ne hanyar da likita Paul Sugarbaker ya tsara a Amurka. Ana ɗaye tantanin da ya lulluɓe bangon ciki, a cire kitsen da ke rufe hanji, sau da yawa har saifa, matsarmama da mahaifa da gidan ƙwai. Aikin kan kai awa 8 zuwa 12. Sai a wanke da maganin sankara mai suna mitomycin mai zafin digiri 41 zuwa 43 a cikin cikin na minti 60 zuwa 90, wanda ake kira HIPEC. Maganin ba ya ratsa fiye da milimita 2 zuwa 3, shi ya sa duk ƙullun da ya wuce milimita 2.5 idan aka bari, wankin bai kai gare shi ba. Ki tambayi likitan kai tsaye: yana sa ran kwashewa gaba ɗaya? Adadin yaɗuwar, da ake aunawa daga 0 zuwa 39, nawa ne? Idan cutar ta mamaye ƙaramin hanji, nan ne aikin ke cijewa.

Binciken 2012 kan marasa lafiya 2,298 da aka yi wa irin wannan tiyatar ya nuna kashi 63 cikin ɗari sun kai shekara 10 a raye, amma kashi 24 sun sami babbar matsala bayan tiyata, kamar yoyon ɗinkin hanji ko ƙurji a ciki.

Kafin aiki, ta ci abinci mai gina jiki, ta riƙa tafiya, a auna CEA da CA 19-9, wato alamomin sankara da ake gani a jini. Idan za a cire saifa, a yi mata allurar rigakafin nimoniya. Bayan sallama, allurar hana daskarewar jini ta kai mako 4, kuma zazzaɓi ko ciwon ciki mai tsanani a koma asibiti a daren.