Me Ya Sa Hotunan Mujiyata Ke Fitowa Dishi-dishi?

Tambaya: Malam, akwai wata farar mujiya da ke fitowa daga kogon kuka a bayan garinmu dab da magariba. Ina da gilashin kyamara mai jawo nesa na milimita 300, amma duk hoton da na ɗauka sai ya fito dishi-dishi. Gilashin ne ba shi da kyau? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin ɗora wa gilashin laifi. Yadda yake jawo mujiyar kusa, haka yake ninka rawar hannunka. In a hannu kake riƙe da kyamara, saurin ƙiftawarta, wato ɗan lokacin da take buɗewa ta ɗauki hoto, kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa, ga shi kuma hasken magariba ba ya isa. To, ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara, zuwa 1600 ko 3200, ko da hakan zai sa hoton ya yi ɗan tsakuwa-tsakuwa. Ni dai gara mini hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da wanda ya dagule.

Abin da na fi so shi ne ka kafa kyamarar a kan mazauninta mai ƙafa uku. Mujiya takan daɗe zaune ko motsi ba ta yi, don haka 1/60 ma ya wadatar. Sa ƙidayar daƙiƙa 2 don kyamara ta ɗauka da kanta, ka ɗauke hannunka. Sannan ka zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya, wato ɗigon da ke nuna wa kyamara inda za ta fito da shi tar, ka ɗora shi a kan idon mujiyar, in ba haka ba kyamara za ta kama reshen da ke gabanta. Lokacin hunturu kuwa ƙura kan dusashe hoton nesa, sai ka matsa a hankali.

Don Allah kada ka haske ta da filasha a bakin sheƙarta, kuma kada ka nuna wa yara masu danƙo kukar nan. Ɓeraye take kama wa manoma.