Ya shiga jirgin ruwa a Apapa lokacin yaƙin Hitila, bai dawo ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanen kakana ya baro Kano ya zo Ikko yana dako a tashar Apapa, daga baya ya samu aiki a jirgin Turawa. Lokacin yaƙin Hitila aka daina jin ɗuriyarsa. A gida ana cewa soja ne ya mutu a ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), amma kakata ta dage cewa ruwa ne ya ci shi. Wanne ne gaskiya, kuma za a iya gano sunansa? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ni dai maganar tsohuwa ta fi kwanta mini. Waɗanda aka kai Bama daga 1943 sojoji ne masu kaki da lamba, a Runduna ta 81 da ta 82. Ma'aikacin jirgin fatauci kuwa farar hula ne, kamfani ke biyansa. Idan ka bi kundin soja, wahala kawai za ka sha.

A wancan zamani kamfanin Elder Dempster ne ya riƙe hanyar Legas zuwa Liverpool. Gyaɗar Kano da fatu da kuzar Jos sukan sauko ta jirgin ƙasa, a loda su tare da manja da koko. Baƙar fata ba a ba shi tuƙi. Galibi boyi ne ko kuku, ko kuma, a jiragen da ke aiki da kwal, yana can ƙasa yana sheƙa wa tukunya gawayi da shebur, awa huɗu cikin zafi kamar bakin maƙera, a albashin da bai kai na Bature ba. Kuma nan ne wurin mutuwa: idan jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya harbo nakiya, ƙasan jirgi take fasawa, na ɗakin injin su ne ba sa samun fita.

Kamfanin ya yi asarar jirage fiye da 20. An nutsar da jirginsa mai suna Accra a Yulin 1940. Jirgin saman Jamus ya yi wa wani jirgin mai suna Apapa ruwan bama-bamai kusa da gaɓar Ireland ranar 15 ga Nuwamban shekarar. Mafi muni shi ne Abosso, wanda aka harba ranar 29 ga Oktoban 1942 a hanyarsa daga Cape Town: mutum 362 suka halaka, 31 kacal suka tsira. Abin da ya fi ba ni takaici, har zuwa 1941 ranar da jirgi ya nutse ranar ake tsayar da albashin ma'aikaci, ko da yana cikin kwale-kwalen ceto yana fama da ƙishirwa.

Batun suna, akwai hanya. A Tower Hill da ke Landan an zana sunayen ma'aikatan jiragen fatauci kusan 24,000 da suka mutu a wannan yaƙi ba su da kabari, kowa a ƙarƙashin sunan jirginsa. Hukumar Commonwealth War Graves Commission, mai kula da kaburburan waɗanda suka mutu a yaƙi, ta sa su a intanet, dubawa kyauta ne. Sai dai kada ka tsaya kan sunan yanka. Akawun jirgi yakan rubuta abin da kunnensa ya ji, Muhammadu ya koma Momo, wani ma a laƙaba masa sunan Turawa, ko a haɗa da sunan garinsu. Gwada duk yadda za a iya karkata sunan.

Kafin komai, koma wurin kakarka tun tana da ƙarfin tunawa. Tambaye ta shekarar da saƙonsa ya yanke, ko da kwatance ne da haihuwar wani ko rasuwar sarki, da ko ta taɓa jin sunan jirgin. Da shekara da sunan jirgi a hannunka, sai ka rubuta wa gidan adana tarihin Birtaniya da ke unguwar Kew a Landan ka nemi jerin ma'aikatansa.