Gidauniyar al'umma: ina take samun kuɗi, kuma me take iya yi da su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan karanta cewa a Amurka akwai gidauniyoyin al'umma da ke tallafa wa ƙananan ƙungiyoyin agaji da masu fasaha, har da samar da gidaje ga masu ƙaramin ƙarfi. Na kasa gane yadda gidauniya guda za ta ɗauki wannan kaya duka. Ba aikin gwamnati ba ne? Kuma kuɗin ba sa ƙarewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce gindin maganar.

Kuɗin ba sa ƙarewa saboda ba a taɓa uwar kuɗi. Mutanen gari ɗaya ko yanki ɗaya ne ke zubawa, wani da ransa, wani ta wasiyya, mai yawa da mai kaɗan. Sai a juya dukiyar a hannun jari, a riƙa raba kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a shekara. Ka ga asusun dala miliyan 10 zai riƙa fitar da dubu 400 zuwa 500 duk shekara, alhali jarin yana nan. Wani lauya kuma ma'aikacin banki, Frederick Goff, shi ya kafa ta farko a birnin Cleveland a 1914. Abin da ya dame shi shi ne wasiyyoyin attajirai da ke ɗaure dukiya ga wata buƙata, buƙatar ta shuɗe, dukiyar ta zauna ba mai ikon motsa ta. Don haka aka ba kwamitin gidauniya ikon karkatar da kyauta zuwa wata buƙata makusanciya idan ta farko ta daina aiki. A ganina wannan ikon ne ya sa tsarin ya wuce shekara ɗari da ransa.

Ga ƙananan ƙungiyoyi, tallafin da ya fi daraja shi ne wanda bai da farin jini: albashin ma'aikata, kuɗin haya, kuɗin wuta. Masu kyauta da yawa sun fi son abin da za a rubuta sunansu a jikinsa, amma ƙungiyar da ke ciyar da mabuƙata ba za ta buɗe ƙofa ba in ba ta biya haya ba. Gidauniya ta san garinta, ta san wace ƙungiya ke aiki, wace ce ke da baki kawai. Sai dai akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Kaso mai tsoka na kuɗin yana cikin asusun da mai kyauta ke ba da shawarar inda za a kai, tsarin da gidauniyar New York ta fara a 1931. Dokar Amurka ba ta sa wa irin wannan asusu wa'adin rabawa ba, kuma abin na ci mini tuwo a ƙwarya: mutum ya sami rangwamen haraji bana, kuɗin kuwa na iya kwanciya shekaru.

A fannin fasaha, yawanci ƙananan tallafi ne ga masu zane da makaɗa da gidajen wasan kwaikwayo, waɗanda kuɗin tikiti ba ya riƙe su. Amma akwai ranar babbar gobara. Da birnin Detroit ya karye a 2013, masu bin bashi suka sa ido kan zane-zanen gidan tarihin birnin. Gidauniyoyi da gwamnatin jihar Michigan da gidan tarihin suka haɗa alkawarin dala miliyan 816 don rage asarar 'yan fansho, aka bar zane-zanen a inda suke. Gidauniyar al'ummar yankin ce aka damƙa wa riƙon kason gidauniyoyin, don ita ce ta gida.

Batun gidaje kuwa, nan ne mutane suka fi kuskuren fahimta. Gidauniya ba ta cika ɗaukar bulo da kanta ba, kuma kuɗinta ba za su isa ba. Babban kuɗin gina gidajen haya masu araha a Amurka yana fitowa ne daga shirin rangwamen haraji na gwamnatin tarayya da aka kafa a 1986, da bankuna, da hukumomin birane. To amma kafin ƙungiya ta kai ga waɗannan, sai ta kama fili, ta biya mai zanen gini da lauya, ta nemi izini, kuma babu tabbacin aikin zai tabbata. Banki ba ya son wannan kasada. Nan gidauniya ke shiga da rance mai sauƙi da dogon haƙuri. Idan babban kuɗi ya iso a mayar mata, ta sake ba wata ƙungiyar. Wani lokaci kuma ta taimaki ƙungiyar da ke riƙe fili amana, tana sayar da ginin kaɗai, don kada farashin ya gagari talaka in an sake sayarwa.

Saboda haka zatonka na kan hanya: kawar da ƙarancin gidaje aikin gwamnati ne, babu gidauniyar da za ta ɗauke mata shi. Abin da gidauniya ke iyawa shi ne ta sa kuɗin farko a lokacin da kowa ke jiran wani ya fara.