Ku Tambayi Maɗaba'a: Shafi 22, Shuɗin da Ya Juye, da Ƙugiyar da Ta Ɓata

Lokacin miƙa aikin kammala karatu ya ƙarato, shi ya sa wasiƙun wannan wata yawancinsu daga ɗaliban zane na Jos suka fito. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Aikina na ƙarshe ƙaramin littafi ne mai kala a kan hanyoyin ɗab'i, girman A5, shafi 22. An ce in kawo kwafi biyar, in kuma yi bayanin yadda za a buga 500. Mai maɗaba'a ya ce shafi 22 ba ya ɗinkuwa, kuma ba a ɗora kwafi biyar a injin ofset. Gaskiya ne, ko kuɗi yake son ƙara mini?
Ɗaliba, Unguwar Rogo

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Gaskiya ya faɗa miki, har sau biyu. Ɗauki falle ɗaya ki ninka shi biyu, ki ƙirga: shafi huɗu ke nan. Littafin da ake ɗinkewa da waya a tsakiya irin waɗannan fallaye ne aka cusa wani cikin wani, don haka dole adadin shafinsa ya rabu da huɗu. Ko ki rage ya koma 20, ko ki ƙara ya kai 24. Mu dai 24 muke ba ki shawara, ki cike shafi biyun da samfurin takarda ko hoton faranti.

Kafin ki sake taɓa kwamfuta, ninka fallaye shida, ki haɗa su, ki rubuta lamba a kowane shafi da biro, sannan ki warware su. Za ki ga shafi na 1 yana maƙwabtaka da na 24, na 2 da na 23, na 12 da na 13. Duk biyun da ke jere, jimillarsu 25. Wannan jerin aikin maɗaba'a ne. Ke ki ba su PDF shafi-shafi daga 1 zuwa 24, kada ki jera musu da kanki, domin kowane inji da yadda yake ninki.

Yanzu batun ofset. Asalinsa ruwa da mai ne, da ba sa ga-maciji. Alois Senefelder ya gano dabarar a Jamus a 1796, yana aiki da faffaɗan dutse. Yau farantin alminiyom ake amfani da shi. Inda zane yake a farantin yana kama tawada mai maiƙo, inda babu zane yana riƙe ruwa ya kore ta. Farantin ba ya taɓa takarda: yana shafa tawadar a kan bargon roba da ke naɗe a ganga, bargon ne ke danna ta a takarda. Kuma kowace kala da farantinta. Su huɗu ne, ana kiransu CMYK: sayan mai shuɗin sararin sama, majenta mai ja-ja, ɗorawa, da baƙi. Duk wata kala da ido ke gani a mujalla ɗige-ɗigen waɗannan huɗun ne, an jera kowanne a kusurwarsa, yawanci baƙi a digiri 45, majenta 75, sayan 15, ɗorawa a sifili. In kusurwoyin suka ci karo, sai wani zanen tabarma ya bayyana a fuskar hoto. Nemi gilashin ƙara girma ki duba kalandar da ke rataye a ɗakinku, ki ɗauki hoton ɗigon ki sa a aikinki. Wannan shafi ɗaya ya fi dogon bayani.

Ga lissafin 500. A ce injin Kord 64 ne na kamfanin Heidelberg, wanda ya yawaita a ƙananan maɗaba'un ƙasar nan. Yana cin takarda mai santimita 46 da 64, wato shafin A5 takwas a kowace fuska, 16 gaba da baya. Shafi 16 na farko suna buƙatar faranti takwas da takarda 500. Ragowar takwas ana jera su a faranti huɗu, a buga gaba, a juya takardar a buga baya da faranti ɗin dai, a yanka biyu, don haka takarda 250 ta isa. Faranti 12 ke nan, takarda 750, rim ɗaya da rabi. In bangon na kwali ne daban, to shi ma da nasa farantan. Ki ƙara takardar gwaji, domin kafin kala ta zauna a kan 'yar uwarta, ruwa da tawada su daidaita, takardu da dama ke tafiya kwandon shara. Kord kala ɗaya yake bugawa a lokaci guda, ma'ana kowace fuska sai ta ratsa inji sau huɗu, ana wanke rola a tsakani. Wannan wahala ɗaya ce ko kwafi biyar ne ko dubu biyar. A kan dubu biyar kuɗin faranti ya narke, a kan biyar kuwa ya zama asara.

Naki biyar ɗin injin dijital za ki kai, wanda 'yan kasuwa ke ce wa DI. Babu faranti, garin tawada da ake kira tona ne zafi ke liƙawa. Takardarsa SRA3 ce, milimita 320 da 450, tana ɗaukar shafi takwas gaba da baya. Takarda uku littafi ɗaya, 15 duka.

Kada ki manta da rarar gefe. Duk hoto ko kalar da ta kai bakin shafi, ki ja ta ta wuce layin yanka da milimita 3 ta kowane ɓangare: A5 mai 148 da 210 ya zama 154 da 216. Wuƙar yanka tana saran ɗaruruwan takardu lokaci guda, ba ta faɗa wa layi daidai wa daida, in babu rara sai farin zare ya fito a gefe. Rubutu da lambar shafi kuma su ja da baya milimita 5 aƙalla, don fallayen tsakiya suna turowa waje bayan ninki, wuƙa ta fi cin su.

In kina neman abin buɗe babin tarihi, ba sai kin tsaya kan Gutenberg, wanda ya ƙirƙiro injin ɗab'i a Turai, kaɗai ba. Mishan sun kafa injin ɗab'i a Kalaba a 1846, jaridar Iwe Irohin ta fito a Abeokuta a 1859, Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Nigeria Standard kuma a nan Jos a 1972.

Tambaya: Na zana fosta, shuɗi mai kyau a kwamfuta. Da aka bugo sai ya koma shunayya-shunayya, ƙananan rubutun baƙi kuma suna da inuwar ja. Laifin wa?
Ɗalibi, Dilimi

Amsa: Ɗan uwa, shuɗin kam naka ne. Allon kwamfuta haske yake fesowa, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Takarda ba ta da fitila a cikinta, don haka akwai kalolin da tawada ba za ta taɓa kaiwa ba, musamman shuɗi mai walƙiya da kore shar. In ka bar manhaja ta juya maka irin wannan shuɗi da kanta, sau da yawa majenta take zubawa har ta kusa kamo sayan, shi ne shunayyar da ka gani. Ka buɗe fayil a CMYK tun farko, ka rubuta lambobin da hannunka, ka bar tazarar kamar 30 tsakaninsu: sayan 100, majenta 70 ko ƙasa da haka.

Inuwar jan kuma alama ce baƙinka haɗin kala huɗu ne. Faranti ɗaya ya goce kamar silin gashi, harafi ya yi biyu. Mai inji yana da nasa kason a nan, amma kai ka ba shi aiki mai wuya. Ƙaramin rubutu baƙi zalla ake yi, 100, sauran ukun sifili. Babban fili ne kaɗai ake ƙara wa ƙarfi, misali sayan 60, majenta 40, ɗorawa 40, baƙi 100, jimilla 240. Kada jimillar ta haura 300 a takarda mai sheƙi. In ta haura, tawada ba ta bushewa da wuri, sai ta shafa a bayan takardar da ta sauka a kanta, wani lokaci tarin ya manne kamar an zuba gam. Nan gaba ka nemi kwafin gwaji, ka fita da shi waje ka duba a hasken rana kafin ka ce a ci gaba.

Tambaya: Katin ɗaurin aure na zana da Hausa. A wurina lafiya ƙalau, a wurin mai bugawa duk ƙ da ɗ da ɓ suka zama akwati.
Mai zane, Bukuru

Amsa: Malam, samfurin harafin da ka zaɓa babu shi a kwamfutarsa, sai manhaja ta musanya da wani wanda ba shi da masu ƙugiya. Akasarin haruffan ado da ake saukewa kyauta ba su san da zamansu ba. Kafin ka ƙaunaci kowane samfuri, rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ ka gani, manya da ƙanana, siriri da mai kauri. Ka lura sosai, domin wata manhajar takan aro ƙugiyar daga wani samfurin a ɓoye, sai ka ga ƙ ɗaya ta fi 'yan uwanta ƙiba. Noto Sans da Charis SIL suna da su cikakke. In ka gama, adana kwafi guda na gyara, sannan a ɗayan ka mayar da rubutu zane, a CorelDRAW Ctrl da Q ne. Bayan haka ba ya gyaruwa, don haka a karanta sunan ango da amarya sau biyu tukuna. Kuma kada ka yarda da “a cire ƙugiyar kawai”. Baki da baƙi ba ɗaya ba ne, balle a katin gayyata.

Tambaya: Bangon littafina kwali ne mai giram 300. Da aka ninka sai kalar ta tsage a gadon baya, ya kuma ƙi kwanciya.
Ɗaliba, Rikkos

Amsa: Abu uku ne, malama. Na ɗaya, duk abin da ya haura giram 170 a kowane murabba'in mita ba a ninka shi haka kawai, sai an fara danna masa layi da inji. Na biyu, takarda tana da jijiya kamar rake. Lanƙwasa kwalin ta tsawo, ki sake ta faɗi: inda ya fi saurin ba da kai, nan jijiyar ta bi, kuma tare da gadon bayan littafi ake so ta tafi. In ta gitta shi, bango ya dinga buɗe baki ke nan. Na uku, hunturun Jos. Takarda ta fi son danshin iska na wajen kashi 50 cikin 100. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar nan takan bushe ƙayau, kwali ya yi tauri, gefensa ya naɗe, fallaye su riƙa mannewa da irin wutar nan da ke tartsatsi a rigar sanyi, har inji ya ja biyu a haɗe. A bar rim cikin ledarsa a ɗakin inji kwana ɗaya kafin a buɗe, abin da aka buga kuma a rufe shi da leda in za a kwana.

Ki sa a yi wa bangon laminashin kafin a danna layi, ledar na riƙe kalar a wurin ninki. In ofset aka yi, a ba tawada kwana guda ta bushe tukuna, in ba haka ba ledar za ta yi kumfa ta ɗago. Ga ɗan littafi mai shafi 24 ma giram 300 ya yi nauyi, 250 ya isa, cikinsa kuma 115 ko 135.