Tambayi Likitan Dabbobi: In Yi Wa Shanuna Barbarar Allura?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da shanu Gudali bakwai, matana ke tatsa suna kai nono kasuwa. An ce min akwai allurar da ake yi wa saniya ta ɗauki cikin bijimin Turai, 'yarta ta riƙa ba da madara mai yawa. Gaskiya ne? Kuma kuɗina zai fito?
Mai karatu daga Bodinga, Jihar Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, sai dai ba allurar magani ba ce. Maniyyin bijimi ne ake ɗurawa a ɗan siririn tsinken roba, a daskarar da shi cikin tulun ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ranar aiki sai a narkar da shi a ruwan ɗumi, ma'aikaci ya sa hannu ɗaya ta duburar saniya ya riƙe bakin mahaifa, da ɗayan ya zura bututun ƙarfe ta al'aurarta ya zuba maniyyin a mahaifa. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa (NAPRI) da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana haɗa Bunaji da Firisiyan, wato shanun Turai masu yawan madara, kuma ruwa-biyun sun fi uwayensu madara nesa ba kusa ba.

Inda na fi ganin ana asara shi ne wajen lokaci. Saniya kan nemi barbara kusan duk kwana 21, kuma abin ba ya kai yini cikakke. Shanunmu masu tozo ma sau da yawa cikin dare suke nunawa. Za ka ji tana yawan kuka, tana hawan 'yan uwanta, farin ruwa mai yauƙi na zuba ta bayanta, in wata ta hau ta sai ta tsaya cak. Ka ga haka da safe, a yi mata da yamma. Ka gani da yamma, a yi washegari da sassafe. To shanun da ke wuni a daji tare da yaro, wa zai lura da wannan? Ko an dace da lokacin ma ba kowace ke ɗauka a karon farko ba, don haka ka tanadi kuɗin na biyu.

Batun riba kuwa, sai da haƙuri. Ciki wata tara ne, sannan karsanar za ta haura shekara biyu kafin ta haihu, wato kusan shekara uku ke nan kafin matanka su tatse ta. Kusan rabin 'ya'yan maza za su zo. Waɗannan ka turke su ka kai kasuwar Achida ko ta Illela gab da Babbar Sallah.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka wuce rabin jinin Turai. Ka san zafinmu na Afrilu da Mayu, yana haura digiri 40. Gudali na jurewa, mai jinin Turai da yawa kuwa sai haki, ta bar ci, nono ya ƙafe, ga kaska da kirci. Raina na ɓaci in na tarar da irin wannan saniya ɗaure a rana, ƙasusuwa a waje, bayan an kashe mata maƙudan kuɗi. Ruwa-biyu na son inuwa, ruwa a gabanta kullum, harawa, dusa da angurya har cikin bazara. In ba za ka iya wannan ba, nemi bijimin Azawak na Nijar mai kyau, irin nono ne kuma ya saba da ƙasarmu.

Ka fara da biyu daga cikin bakwai ɗin, waɗanda suka taɓa haihuwa lafiya kuma suna da jiki. Kafin nan ka tuntuɓi asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a gwada su, musamman bakkale, cutar da ke sa ɓari, wadda mutum ma kan ɗauka ta ɗanyen nono.